Ladan Mungadi Har Bakwai

Shekarar da wani kamfanin Ikko ya buɗe wurin sayen albasa a Jega, ya girka kwamfuta a ofis. Kowane manomi sai an shigar da sunansa, kuma sau ɗaya ake karɓar kayansa a mako.

Na lodo buhu talatin daga Mungadi. Akawun, wani Waliyyu, ya tambayi sunana, na ce Ladan Mungadi. Ya daddanna, ya girgiza kai.

"Baba, ai ka kawo naka shekaranjiya."

"Shekaranjiya ina gona. Wani Ladan ɗin ne."

"Na'urar ba ta karɓar suna ɗaya sau biyu a mako, haka aka tsaro ta daga hedkwata. Ka ɗan sauya sunan kawai."

Raina ya ɓaci. Mu nan kowa sunan garinsu yake jinginawa bayan nasa, shi ya sa duk Ladan ɗin garinmu Ladan Mungadi ne. Wanda ya tsara abin nan bai taɓa tako ƙasarmu ba.

Ran Laraba na dawo da duk wani Ladan da ke noman albasa a Mungadi. Mu bakwai ne, har da tsoho mai sanda. Muka jeru gaban teburin, motarmu ta tare ƙofar sito.

Waliyyu ya miƙe yana zufa. "Baba, lafiya?"

Na ce, "Kowanenmu rago aka yanka mashi ran suna. Na'urar taka ta zaɓi guda, sauran shidan ta tafi ta shaida wa uwayensu ba su haife su ba. Kafin ta dawo, motar nan ba ta gusawa."