Rinin da Ya Wanke Baba

Mai gyaran tafki ya kashe injin ruwa, ya jira har saman tafkin kifin ya kwanta luf, sannan ya tsiyaya koren rini daga kwalba.

"Kada kowa ya taɓa ruwan," in ji shi. "Ba ya cutar da kifi. Duk inda ruwa ke zurarewa, can zai bi."

Auta ta dafa bakin tafkin da hannu biyu. Tun da ruwa ya fara raguwa kifi na mutuwa, Yaya, babban wansu mai tafkin, ya ɗora wa mahaifinsu laifi. Wai Baba ne ke buɗe bututun zubar da ruwa ya manta, tunda tsufa ya fara taɓa masa tunani. Baba ya yi rantsuwa har ya gaji, amma wa ke sauraron tsohon da ke neman hularsa alhali tana kansa? Aka garƙame shi a ɗakin ajiyar abincin kifi. Da ruwan ya ci gaba da raguwa, sai Yaya ya ce ai tsohon ya riga ya lalata bututun, gobe zai kai shi gidan da ake ɗaure masu taɓin hankali da mari. Da kuka da magiya Auta ta samu aka kira mai gyara.

"Ki zuba ido, bututun nan zai nufa," in ji Yaya.

Rinin ya tsaya cak wuri ɗaya. Can sai ya miƙe siriri kamar zare, ya wuce bututun ko kallo bai ishe shi ba, ya nufi kusurwar baya, ya shige wata tsaga a gindin bango.

Mai gyara ya zagaya ya tona wurin da shebur. Laka ta fito koriya shar.

"Bututunku lafiya lau. Rowar siminti aka yi ranar gini."

Yaya, wanda shi ya tsaya kan aikin ginin tafkin, ya sosa ƙeya. "To, alhamdu lillahi, an gano." Iyakar haƙurin da ya bayar ke nan.

Auta ta yi wata doguwar ajiyar zuciya. Daɗi ya rufe ta. Ta fizge makullin ɗakin ajiyar daga hannun Yaya, tana dariya tana hawaye.

*

Ɗakin na warin abincin kifi. Baba na zaune kan buhu ya haɗa gwiwoyi, hasken ƙofa ya sa ya kare idonsa.

"Baba, an wanke ka! Bango ne ya tsage, ba kai ba ne."

"Ba ni ba ne?" Ya shafa fuska. "Madalla. Wallahi, 'yar nan, har na fara zaton ni ne."

"Taso mu fita ka sha iska."

Ya kama hannunta ya miƙe, ya tako har bakin ƙofa, ya tsaya. Ya leƙa tsakar gidan da ya gina da guminsa, ya rage murya.

"Yayanki ya ce in fito?"