Matakala Goma Sha Huɗu

"Wannan ce tafiyar? Ai ko agwagwa ta fi ki sauri!"

Glenys ta tsaya a bakin titi, ta dogara da sandunanta biyu, ta ɗaga kai ta harari barandar Enzo. Kwana goma sha biyu ke nan da yi mata aikin gwiwa, likita ya ce kullum ta ƙara 'yan taku. Shi kuwa tsohon manomin raken nan, da robar iska a hanci, ba wanda ya sa shi, ya naɗa kansa alƙalin tafiyarta.

"Kai da ko ƙofar gida ba ka iya kaiwa," ta ce. "Sauko mu gwada mana."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Shekara talatin suna maƙwabtaka a garin Ingham, rabi duk a cacar baki ya tafi. Amma tun da ta dawo daga asibiti, 'ya'yanta na can birnin Brisbane sun ce sai bayan sabuwar shekara za su zo, tsiyar nan ta safe ce kaɗai ke tashinta daga gado. Ta san haka sarai, girman kai ne ya hana ta faɗa masa.

Ranar Kirsimeti, da yake lokacin bazara ne a ƙasar, zafi ya sauko tun da sassafe. Ta fito, baranda wayam. 'Yarsa Rina ce ta sauko, idanu jawur.

"Anti Glenys, Baba bai tashi ba yau. Nas ta ce da wuya ya kai gobe. Sai tambaya yake ko kin fito."

Gidan Enzo irin na da ne, a kan dogayen ginshiƙan katako saboda ambaliya. Matakala goma sha huɗu. Ita kuwa tun aikin ko uku ba ta hau ba.

"In kira maza su ɗauke ki?"

"Ni buhun suga ce? Riƙe min sanda ɗaya."

Ta kama ƙarfen gefe. Lafiyayyar ƙafar gaba, sannan ta jawo mai ɗinkin. A ta biyar gumi ya jiƙe mata riga sharkaf. A ta tara ta zagi likita, ta zagi kafintan da ya gina gidan, ta ɗan yi kuka, ta ci gaba.

Yana kwance ƙarƙashin fanka, duk ya ƙanƙance. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Wa ya ɗauko ki?"

"Ƙafata."

"Ƙarya."

"Tambayi Rina." Ta zauna a bakin gado, ta kama hannunsa. "Na gode, Enzo. Ba don bakin nan naka ba, da har yau ina kwance."

Ya daɗe yana neman numfashi.

"Minti nawa kika yi?"

"Ashirin."

"Abin kunya," ya ce, yana murmushi.

Wajen ƙarfe uku ya cika, hannunsa a cikin nata. Ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma godiyarta ta fi yawa, don ta kai, kuma ya ji.

Saukowa ce ta gagara, gwiwar ta kumbura suntum. Aka ajiye mata kujera a baranda. Can Rina ta fito da ledar ɗanyen wake mai ƙanƙara daga firiza, ta durƙusa ta ɗora mata a kan ɗinkin. Ƙanƙarar ta riƙa narkewa, ruwan na ɗiga ta tsakanin katakai zuwa ƙasa.