Albasa Ba Ta Da Suruki

Albasar Lawali ta fara kwanciya tun ba ta kai sati da dashe ba. Kowa ya san dashen albasa, jariri ne: ka hana shi ruwa yau, gobe ya nuna maka. Ga tafkin Madarunfa ana hango shi daga lambun, ga injin ban-ruwa na ƙungiya a zauren Inde, uwar Lawali, an lulluɓe shi da buhu, cike da mai, lafiyarsa lau. Amma ba mai taɓa shi, don salula ba ta yi magana ba.

Bari in koma baya kaɗan, kada in bar ku cikin duhu.

Masu lambun gefen nan inji ɗaya gare su. Da can wani dattijo ke raba musu shi, da ya rasu sai rigima ta shigo, yau wannan ya ce shi ya riga tambaya, gobe wancan ya rantse. To Lawali na da ɗiya, Ruƙayya, tana karatun ordinater, wato kwamfuta, a jami'a a Maraɗi, tana kuma neman abin da za ta rubuta memuwar a kansa, wato littafin da ɗalibi ke kai wa malamai kafin a sallame shi. Sai ta ce za ta yi musu furogiram: mai son inji ya aika saƙo, salula ta jera su, ta faɗi wanda ke gaba.

Mushenta, wato malamin da ke duba aikinta, mutum ne mai tsanani. Ya ce mata kada ta rubuta ko harafi ɗaya na furogiram sai ta fara rubuta dokokin abin. Wai ba a sanin abu ta kamanninsa, sai ta abin da ake iya yi da shi da abin da ke biyo baya. Ta zauna ta rubuta. Doka ta fari: wanda ya shiga layin da ba kowa, shi ne na gaba. Ta biyu: wanda ya tarar da mutane, shigarsa ba ta canza na gaba. Mushe ya ce shi ke nan, duk abin da ya bi dokokin nan layi ne, ko na ƙwarya a bakin injin niƙa, ko na manyan motoci a bakin iyaka a Ɗan Issa.

Ranar da ta karanta wa ƙungiya dokokin, Mahaman ne ya ɗaga hannu. Mahaman kakanta ne na wajen uwa, surukin Lawali ke nan.

"Amarya, ina kara a ciki?"

"Wace kara kuma, tsoho?"

"Ashe in sha ruwa surukina na tsaye bayana? Layin da ba kara ai layin awaki ne."

Kowa ya ce gaskiya ne. Ruƙayya ta ƙara doka ta uku: in surukin na gaba yana cikin layi, na gaba ya ja baya, suruki ya wuce. Ta gwada da mutum biyu, abin ya tafi sumul. Aka shafa fatiha a kan ba mai fitar da inji sai salula ta kira sunansa. Haka aka yi ta yi lami lafiya, har zuwa satin nan da Lawali da Mahaman da wani mai lambu, Inusa, suka tambaya a jere. Daga nan salula ta yi gum. Alamar nan ta jira tana ta juyi a kan gilashi kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Lawali ya koma ɗibar ruwa da garwa. Mutum ne da ya ba hamsin baya, ga tafki da ɗan nisa. Kafin ya jiƙa fangali ɗaya, na baya ya bushe. Da la'asar ya shigo gida yana tafe a karkace, Inde ta dube shi ta ce:

"Kai, ɗauki injin nan mana. Wa zai kama ka?"

"Inna, fatiha munka yi."

"Fatihar kashe albasa kunka yi?"

Ya zauna yana murza ƙugu. Inde ta sa aka kira mata Ruƙayya.

Washegari Ruƙayya ta iso da hantsi a kan kabu-kabu, idanunta sun yi ja, don ita ma can rubutu ya sha mata kai. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta buɗe ordinater a kan tabarma. Ta daɗe tana dubawa. Ta nemi kuskure a rubutunta, babu. Can sai ta ajiye, ta tsinci tsakuwa uku ta jera a ƙasa.

"Kaka, taya ni. Wannan Baba ne, shi ya fara tambaya. Wa ke surukinsa?"

"Mahaman mana, uban uwarki."

Ta ɗauki tsakuwar Mahaman ta sa gaba. "To tsoho fa, yana da suruki a nan?"

"Ai bayan rasuwar kakarki ta wajen uwa ƙanwar Inusa ya aura. Inusa ya ba shi."

Tsakuwar Inusa ta wuce gaba. Ruƙayya ta tsaya, hannunta a sama. "Baba Inusa kuma Goggo Bilki ke gidansa."

"Ubanki ya ɗaura, tunda nasu uban ya riga mu gidan gaskiya."

Tsakuwar Lawali ta dawo gaba. Sai ga Mahaman a baya, dole ta sake matso da shi. Sai Inusa. Sai Lawali. Ruƙayya ta zubar da tsakuwar ta dafe kai.

"Ta lalace ko?" in ji Inde.

"Ina ma lalacewa ta yi. Biyayya take yi, Kaka. Tun ranar take ta cewa wannan bismilla, wancan bismilla, ba ta gama ba, kuma ba za ta gama ba har tashin duniya. Mushe ya sha faɗa mana, furogiram ɗin da ba ya ƙarewa bai ce komai ba. Dokokina sun ce na gaba Baba ne, sun ce tsoho ne, sun ce Baba Inusa ne. In duka ukun ne, ai ba kowa ke nan."

"To goge ta ukun."

"Ba tawa ba ce. Su suka sa, da fatiha."

Haka yarinyar nan ta fita cikin rana. Ta fara da Inusa, ta same shi yana gyaran shinge. Ya saurare ta tsaf, ya ce: "Ɗiyata, a cire, ban hana ba. Amma in ta kira ni gaban ubanki, ni ban ji ba." Ta koma wurin uban, yana tsakanin tafki da lambu da garwa biyu. Ya ce shi ba zai zama wanda ya fara cewa a cire kara ba, bakin duniya ya fi ƙishirwa. Ta dubi albasar, ganyen ya yi laushi ya kwanta a ƙasa kamar zaren da aka jiƙa. Ta karɓi garwa ɗaya ta yi masa sawu biyu, kafaɗarta ta ɗauki zafi, ta ajiye.

Ta zauna a gindin tsamiyar da ke bakin lambun. Gajiya ta hana ta ko fushi. Nan ne wata maganar mushe ta dawo mata, wadda ta rubuta a aji ba ta ɗauke ta a bakin komai ba: layi ba ruwansa da abin da ya ɗauko, jerawa kawai aikinsa. Dokokinta biyu na fari ba su taɓa tambayar wane ne wane ba. Ta ukun ce ta leƙa ciki, ta ga mutane, ta ga aure. To wa ya ce mutane ne ke layin? Mutum ke shan ruwan injin?

Ta tashi ta nufi lambun Mahaman. Yana kishingiɗe ƙarƙashin mangwaro, tumatirinsa ma ya fara sunkuyar da kai.

"Amarya, kin zo biko?"

"Wa zai yi bikon tsohon da ya kashe mana albasa? Tambaya na zo da ita. Kai ke jin ƙishirwa ko tumatir?"

"Tumatir."

"To ni daga yau ba na jera mutane. Lambu zan jera. Doka ta uku tana nan, ban taɓa ta ba: duk lambun da ke da suruki ya ja baya."

Mahaman ya sosa gemu. Sai dariya ta kama shi har da tari.

"Ja'ira! Albasa ba ta da suruki."

"Ka yarda?"

"Ni mi nawa a ciki? Magana ce tsakanin ganye da ganye. Sai dai ki tahi ki ji bakin Inusa, ban wuce gabansa ba."

Ta sake taka rana zuwa wurin Inusa. Ya ce in Lawali ya yarda. Lawali ya ce in tsoho ya yarda. Ta ce ya yarda, wallahi ya yarda, kada wanda ya sake aika ta ko'ina. Bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci, aka sake shafa fatiha, kowa na kallon ƙasa.

Gyaran bai ɗauke ta lokaci ba. Ta cire sunaye, ta sa wa kowane lambu sunan da aka san shi da shi. Alamar jira ta tsaya cak. Salular Lawali ta yi ƙara, ya miƙa wa ɗiyar ta karanta: lambun bakin tsamiya.

Ya ɗora inji a amalanke. Hanya mafi kusa ta gaban lambun Mahaman ta bi, sai ya karkata jakin ya zagaya ta bayan gari, Inde na tsaye a ƙofa tana salati. Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ruwa ya shiga fangali na fari.

Gefen da garwa ta riƙa kaiwa ya farfaɗo. Gefen gabas kuwa ya riga ya tafi, rabin dashen ke nan, sai dai a nemo wani iri daga garin Safo in an samu. Lawali ya tsuguna yana tsige matattun yana jefawa a kan shinge.

Ruƙayya ta koma gida ta tarar da tuwo, ta kasa ci. Babi guda na memuwar ɗinta a kan doka ta uku yake, yanzu sai an sake shi tun daga tushe, kuma ba ta san yadda za ta yi wa mushe bayanin kara da faransanci ba. Ta jingina da bango, barci ya sace ta da takalmi a ƙafa.

Da safe Mahaman ya wuce ta bakin shinge. Bai dubi Lawali ba, Lawali bai ɗago ba. Tsohon ya tsaya ya dubi rabin da ya rayu.

"Sannu, lambun bakin tsamiya," in ji shi. "In kin ƙoshi, na gindin mangwaro na jira."