Na'urar Da Ta Fi Fitar Da Hoto

Tun da idon Baba ya fara dushewa, babbar 'yarsa ta rasa sukuni. Burinsa ɗaya ne: ya sake ganin fuskar marigayiya matarsa a faifan da aka ɗauka ranar da autansu ya gama makaranta. Talabijin ta yi masa ƙanƙanta, don haka ta kafa majigi a falo, ta shafe bango da farin fenti. Saura na'urar kunna faifai.

A shago, mai kayan lantarki ya jera mata su a kan kanta.

"Malama, wannan tana da sauƙi, amma hotonta kamar an watsa masa toka. Wannan kuwa, har gashin gira sai kin gani."

"Ita nake so," in ji ta, ko tayi ba ta yi ba.

Da la'asar ta ja labule, ta zaunar da Baba, ta saka faifan. Sai ga Mama ta cika bango tana dariya, har wushiryarta ta fito sarai. 'Yar ta toshe baki don kada kuka ya ƙwace mata.

Baba ya miƙa wuya, ya ƙura ido, ya daɗe a haka.

"Uwata, muryar na ji. Hoton fa, sai yaushe zai fito?"

Ta tura kujerarsa gaba har gwiwarsa ta taɓa bango, inuwarsa ta rufe rabin fuskar Mama. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya sauke ajiyar zuciya.

"Kashe kawai, Allah ya yi miki albarka."

Daga ranar bai sake tambayar faifan ba.