Maɓallan Mama a Teburin Yanka

Ranar Litinin Malamar bayoloji ta tsare ni a bakin aji. "Takardarki babu kamarta, amma gasar da za mu je da baki ake yin ta. Ranar Alhamis za ki bayyana mana yadda ƙwayar halitta ke kwafar saƙo daga DNA. In kika sake yin shiru, wata zan sa."

Ni kuwa da zarar na tsaya gaban allo, sai bakina ya mutu.

Laraba da yamma na juye gwangwanin maɓallan Mama a kan teburin yanka na shagonta. Na jera layi biyu. Mama tana kan keke tana ɗinki.

"Auta, me maɓallaina suka yi miki?"

"Mama, saurare ni kawai. Wannan DNA ne, zare biyu manne da juna. Ja da baƙi ke haɗuwa, fari da kore. Ba ya fita daga cibiyar ƙwaya."

"To ya ake aiki da shi?"

"Wani sinadari ne ke zuwa ya buɗe zaren, ya bi gefe ɗaya yana jera kwafi. Kwafin shi ne RNA, shi ke fita da saƙon. Amma shi ba ya ɗaukar baƙi, rawaya yake sawa a gurbinsa."

Na raba layukan, na fara jera na uku. Maganar kuwa tana zuwa.

Keken ya tsaya.

"Ke, sarkin karatu! Wancan na biyar ɗin fa? Ba yanzu kika ce baƙi ba ya shiga ba?"

Wallahi baƙi na sa. Na cire da sauri.

"Shekara ashirin ina ɗinka maɓalli, a gabana za ki yi maguɗi?"

Sai muka ji dariya daga bakin ƙofa. Malama ce, ta zo karɓar rigarta. Ban san tun yaushe take tsaye ba. 

"Ci gaba," ta ce. "Ina kwafin yake tsayawa?"

 Na nuna ƙarshen layin, na ce akwai alamar tsayawa, a nan sinadarin ke sakin kwafin, zaren biyu su koma su manne. Ban yi in'ina ko sau ɗaya ba.

Malama ta naɗe rigarta a leda. "Gobe ki zo da gwangwanin nan. Ke za ki je gasar."

Mama ta gyara zama a kan keke, ta ɗaga kai.

"Malama, a rubuta a wani wuri cewa ni na kama kuskuren."