Dabinon Alhaji Dikko

Shekarar da aka yi hajji cikin damina, alhazan Argungu suka dawo da tsaraba iri biyu: zamzam da tari. Zamzam ɗin ya ƙare cikin mako guda.

Na taso daga Birnin Kebbi zuwa Argungu don sunan jikana. Ɗan fari ne ga ɗiyata Zainabu, kuma bakwaini, in ka ɗauke shi kamar ka ɗauki zanen kawai. Ungozoma ta ce kowa ya yi nesa da numfashinsa. An ji, an gyaɗa kai, aka ci gaba da shiga ɗakin.

Surukinta Alhaji Dikko bai jima da sauka ba. Tun daga zaure nake jin ƙirjinsa yana kuka. Al'adar gidansu ce babba ya tauna dabino, ya shafa wa jariri a dasashi, ya tofa masa addu'a a fuska. Bana ga dabinon Madina, ga bakin da ya sha zamzam.

"A kawo min shi," ya ce.

Na ce, "Alhaji, a bari tarin nan ya lafa."

Ya janye hannun riga ya nuna min dantsensa. "Malam, allura ukku anka yi min kahin in hau jirgi. Ukku! Mi za ni ɗauko?"

"Ta sanƙarau ce da ta kwalara da ta shawara. Ba ta tari ba ce. Kuma ko ta tarin ce, tana iya tsare ka ka tsaya da ƙafarka, cutar ta bi ta bakinka ta wuce ga wanda ba a yi wa ba."

"To mi a amfaninta?"

"Ga ka a tsaye."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce karatun boko ya hana ni sanin albarka. Ya jefa dabinon a baki, ya yi tari a tafin hannunsa, ya miƙa hannun. Wata tsohuwa ta fito da yaron daga ɗaki.

Na dubi angon ƙarni, mijin Zainabu, ya dubi tabarma. Ni baƙo ne a gidan, ba ni da ikon karɓe ɗan mutane. Zainabu kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure ta, ko sunansa ba za ta taɓa faɗa a gaban surukai ba.

Alhaji ya zaro dabinon a kan yatsa.

Sai labule ya ɗaga. Zainabu ta ratsa maza ba mayafi, ta karɓi yaron daga hannun tsohuwar, ta rungume shi a ƙirji kowa yana gani.

"Baba, ka yi haƙuri. Ɗana ne."

Ta koma ɗaki ta saka sakata. Mata suka ɗauki salati. Alhaji ya tsaya da yatsa a sama, har tarin ya sake turnuƙe shi.