Inna Ta Tafasa Ruwan Awo

Kogi ɗaya ne ya raba wasu ƙasashe biyu. Kowa na sha, kowa na ciwon ciki, kowa kuma na rantsuwa 'yan tsallake ne suka ɓata shi. Da aka gaji da nuna wa juna yatsa, sai aka kafa kwamiti: kowane gari ya kawo ruwansa a auna, inda aka ga ƙazanta a kafa injin tacewa.

Malamar tsafta ta wannan gaɓar ta ɗebo na garinsu da sassafe, ta ajiye kwalbar kan tebur, ta shiga wanka. Shekara uku tana neman injin nan. Sai ga Inna, mahaifiyarta. Ta ɗaga kwalba, ta ga ruwa jajawur kamar an wanke tukunyar ƙasa. Ta ce ba da ranta baƙi za su ga wannan abin kunya ba. Ta tace da ƙyalle, ta tafasa, ta fifita ya huce, ta mayar, ta naɗe kwalbar a tsumma ta cusa a jaka. Malama ta fito ta kai kwalbar awo a haka, ba ta san an taɓa ba.

Ranar jin sakamako Inna ta yi rakiya, ta zauna bencin baya ƙarƙashin fanka. Mai awo ya gyara tabarau ya ce ruwan garin Malama garau yake, ko jariri ya sha, don haka an cire su daga jerin masu neman injin.

Inna kuwa daɗi ya cika ta. Ta zunguri na kusa da ita, da muryar da take zaton raɗa ce: "Sau biyu fa na tafasa shi."

Ɗaki ya kwashe. Dogo, malamin tsaftar tsallake, ya yi dariya har da buga tebur, yana cewa, "Inna, ki zo ki tafasa mana kogin gaba ɗaya mana."

Mai awo ya jira ya gama, sannan ya tambaye shi wa ya jefa alif mai kwantar da laka a tasa kwalbar, tunda su ma an cire su. Dogo ya sosa ƙeya, ya ce sai dai ko Babansa.

Shugabar kwamiti, tana share hawayen dariya, ta mayar da garuruwan biyu cikin jerin, ta ce daga yau Dogo ya ɗebo na garin Malama, Malama ta ɗebo na garin Dogo. Ai ba mai wanke wa maƙwabci ruwansa.